Wa Ya Kai wa Likita Zancen Yatsan Yaya?

Ku matso kusa 'yan uwa, yau babu dariya a bakina. Ku masu cika mini waya da saƙo kuna cewa, "Odessa, ki saki jiki da Corvin mana, yaron nan kamar ya haɗiye ki don so," na ji ku, na kuma gode. Amma ku tsaya ku ji abin da ya faru a teburin cin abincin gidanmu tukuna.

Ke da kika shigo yau, sunana Odessa, a gida Dessa ake ce mini. Kitso nake yi a ɗan shagona da ke bayan cocinmu, kuma rabin kawunan da ke cikin hulunan kwano na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin nan, hannuna ne ya kitsa su. Yayana Lavelle shi ne mai tarar bugu na ƙungiyar, shekara bakwai ke nan. Aikinsa ya tsaya can ƙarshen fili, a narko ƙwallo sama, ya ɗaga kai yana jiran ta sauko, alhali ƙarti goma na tahowa a guje su murƙushe shi, shi kuma ba damar ya sauke ido ya dube su. In ya cafe ta ya rungume, sai ya ruga iya inda ƙafa ta kai shi kafin a yi ƙasa da shi. Da wannan aikin ya saya wa Mama gidan da muke ciki.

To bana da aka buɗe sansanin horo, sai ƙungiya ta kawo wani sabon yaro daga wani ƙauye a Mississippi. Shi ne Corvin. Siriri, baƙi, ga gudu kamar an biyo shi da wuta. Ku kun san yadda abin yake, mutum casa'in ke shiga sansani, hamsin da uku ake bari, kuma babu ƙungiyar da za ta ajiye masu tarar bugu biyu da ba su iya komai ba sai tarar bugun. Gurbi ɗaya ne, ko Yaya ko shi.

Kuma duk masu kitson garin nan, wai sai shagona ya ga dama ya shigo. Ni fa tun ranar ban yarda da shi ba.

Na ce, "Ka san ni ƙanwar wace ce kuwa?"

Ya ce, "Na sani sarai. Shi ya sa tun daga ƙofa nake addu'a kar ki tsige mini fatar kai."

Ban so na yi dariya ba, ita ta ƙwace mini. Daga nan fa sai saƙo da safe, saƙo da yamma, sai ga furanni, sai ga soyayyen kifi a takarda wai ya ji na ce ban karya ba. Zuciyata ta tafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ko a lokacin akwai wani ɗan lungu a raina da kullum yake tambaya: ke yake so, ko hanyar shiga gidanku yake nema?

Mama kuwa ko sunansa ba ta son ji. "Wannan mai neman cire wa ɗana loma daga baki? Kar ya kuskura ya taka mini tsakar gida."

Koci Halvorsen, wanda zaɓen ke hannunsa, yana da wani gwaji da ya yi suna da shi. Inji zai dinga harbo ƙwallo sama, ka cafe ta farko, ba ka ajiye ba a harbo ta biyu, haka har sai wata ta suɓuce maka. Yaya yakan haɗa shida a jikinsa yana dariya. Bana a ta uku yake saki. Ya ce wa Koci rana ce ke shiga masa ido.

Ni na gano gaskiyar ranar da nake masa kitso a barandar baya. Na leƙo ta kafaɗarsa sai na ga hannunsa na dama a cikin kofin ƙanƙara, ya lulluɓe da tawul. Na fizge tawul ɗin. Yatsan zobensa ya kumbura suntum kamar ƙaramin dankali, kan yatsan ya ƙi lanƙwasuwa.

"Yaya! Mene ne wannan?"

"Rufe mini baki! A rigar wani ya maƙale. Zai warke."

"Ka nuna wa likitan ƙungiya?"

Ya juyo ya dube ni kamar na zage shi. "In nuna masa a watan Agusta, yaron can yana numfashi a ƙeyata? Dessa, wanda ya shiga ɗakin likita a sansani, sai dai ya fito ya tarar an ba wani rigarsa. Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Har Mama?"

"Ita ce ma ta farko."

Na rantse, don na san dalilin da ya sa ba ya son Mama ta ji. Marigayi Babanmu ma ƙwallon ya buga, shi ma haka ya dinga ɓoye ciwo, har yatsunsa suka karkace suka ƙame. Na taso ina ganin Mama tana saka masa maɓallin riga, tana yanka masa nama a faranti kamar yaro.

Ana cikin haka, wata Asabar da yamma ina wanke kwanuka, sai na ji Mama a bayana tana cewa, "Ki ce wa yaron nan naki ya zo cin abinci gobe bayan coci."

Saura kaɗan faranti ya faɗi a hannuna. "Mama, Corvin fa?"

"Kina da wani ne ban da shi?"

Wayyo ni Odessa, da gudu na haye sama na tura masa: *Mama ta ce ka zo gobe. Ka sa riga mai wuya, ka cire ɗan kunnen nan.* Ya maido: *In zo da hular kwano ko ba sai na zo da ita ba?*

Ranar Lahadi na saka doguwar rigata ruwan ƙwai mai ƙananan furanni, na ɗaure kitsona sama. Mama ko hular cocinta shuɗiya ba ta cire ba ta shiga kicin. Ta yi miyar kuɓewa da jatan lande, farar shinkafa, soyayyar kaza, burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara a babban jug. Corvin ya zo da farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, da kek ɗin dankalin da ya ce irin na kakarsa ne.

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan ƙauye, a fili kana bina, a gida ma ka biyo ni?"

"Babban yaya, ai inda ka taka nan nake takawa, ko na koyi wani abu."

"Ka koyi rufe baki tukuna."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Da muka zo zama, sai Mama ta ja kujerarta, wadda ke dama da Yaya, wadda tun rasuwar Baba babu mai zama a kai sai ita, ta ce, "Zauna nan, ɗana. Baƙo ne kai." Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, na ce a raina yau Mama ta sauko.

A gidanmu ba a taɓa cokali sai an riƙe hannun juna an yi addu'a, kuma in an zo amin kowa yakan matse hannun na kusa da shi. Mama ta yi addu'arta doguwa, ta ce amin. Corvin, da zuciya ɗaya ko da biyu, Allah ne masani, ya matse hannun Yaya. Na ji numfashin Yaya ya ɗauke. Gumi ya tsatso masa a goshi, ya yi tari ya ce barkono ne, alhali ko loma ɗaya bai kai baki ba. Na ga idon Corvin ya sauka kan hannun, ya daɗe a wurin.

Da na raka Corvin mota ya ce, "Dessa, tun yaushe hannunsa yake haka?"

"Wane hannu?"

"Kar ki mayar da ni yaro. Abin da na riƙe ba yatsa ba ne."

"Corvin, in maganar nan ta fita…"

"Ba za ta fita ta bakina ba. Ni da ƙafata nake son cin gurbin nan, ba da tsegumi ba."

Ranar Talata likita ya aika a kira Yaya. Bai tambaye shi gwiwa ba, bai tambaye shi kafaɗa ba. Cewa ya yi, "Cire safar hannunka ta dama." Aka ɗauki hoto, aka ce jijiya ce ta tsinke, in aka ƙara jinkiri yatsan ba zai sake lanƙwasuwa ba har abada. Sai tiyata, kuma shi da fili sai baɗi. Mai tarar bugu ɗan shekara talatin, baɗin me? Kowa ya san an gama.

Yaya ya dawo ya zauna a falo ya ƙura wa talabijin ido, ko kunna ta bai yi ba. Mama ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu. "Kin gani ko? Na buɗe masa ƙofata, ya ci abincina, ya riƙe hannun ɗana a gaban Ubangiji, ya tashi ya kai shi kasuwa. Kin jawo mana maciji, Dessa."

Na shige ɗaki na rubuta wa Corvin: *Kai ne?*

*Ni ne me?*

*Kar ka raina mini hankali.*

*Na rantse da kabarin kakata ban faɗa wa kowa ba.*

*Lahadi ka riƙe hannunsa, Talata aka kira shi. Aljani ne ya faɗa?*

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Ƙarshe abin da ya zo shi ne: *Ban san wa ya faɗa ba. Amma ba ni ba ne.* Ku gaya mini, mai gaskiya yana goge magana har haka?

Wasan share fage na ƙarshe Mama ta ce dole mu je, kar a ce an kunyata mu mun ɓuya. Muka zauna a wurin iyalan 'yan wasa, ita da rigar Yaya mai lamba goma sha tara, ni da baƙin tabarau don idona ya kumbura. Yaya na gefen fili da gajeren wando da hular rana. A wurin da ya saba tsayawa, Corvin ne tsaye yana ɗan tsalle-tsalle.

Aka narko ƙwallo. Na rantse muku na so ta suɓuce masa, kuma a lokaci guda ina tsoron kar su karya shi. Ya cafe. Ya yi hagu, ya gilma dama, wani ƙato ya kawo masa runguma ya kama iska, sai ga shi ya fito fili fetal. Sai da ya wuce tsakiya da nisa kafin a turo shi waje. Filin ya ɗauki ihu. Koci Halvorsen, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya daki hular Corvin yana dariya. Shi kuwa ya juyo ya ɗaga hannu daidai inda nake zaune.

Mama ta ja tsaki. "Dube shi. Yana rawa a kan kabarin ɗana."

A mota na tura masa: *Ka samu abin da ka zo nema. Kar ka sake kirana.* Ya kira, na kashe. Ya sake kira, na kife wayar.

Ranar yanka ta zo, wato ranar da ake rage 'yan wasa. Ranar nan duk ɗan wasa addu'arsa ɗaya ce, kar wayarsa ta yi ƙara, don in ta yi, to mutumin nan ne da suke wa laƙabi da Mahauci, kuma maganarsa ba ta canzawa: Koci na son ganinka, ka taho da kwamfutar dabarun wasa. Da la'asar saƙon Corvin ya shigo: *Wayata ba ta yi ƙara ba. Sun ɗauke ni. Na ɗauka zan yi murna, amma wadda nake son faɗa wa ta ɗauke ni ɓarawo.* Na karanta har na haddace, ban ba shi amsa ba.

Sai Lahadin nan da ta wuce. An yi wa Yaya tiyata, hannun na cikin farin filasta har gwiwar hannu. Mun dawo coci, Mama na kicin, ina jera faranti, sai ya shigo ya jingina da bango yana kallona. Wani irin kallo ne da ban taɓa gani a idonsa ba.

Ya ce, "Na je kwashe kayana jiya. Matar nan mai naɗe mana ƙafa kafin wasa ta ja ni gefe. Ta ce ba ɗan wasa ne ya kai maganata ba."

Na ce, "To waye?"

"Saƙon murya aka bari a wayar asibitin ƙungiya, ba su saurara ba sai Talata da aka dawo hutu. Ranar Asabar aka bar shi, Dessa. Kafin yaron nan ya taka gidan nan." Ya matso. "Kuma muryar mace ce."

"Yaya…"

"Mutum ɗaya na nuna wa hannuna a duniya. Kika rantse mini. Ashe saurayi ya fi wanda kuka fito ciki ɗaya? Har kika bari muna zagin yaron mutane, kina zaune kina matsar hawaye!"

"Wallahi ba ni ba ce!"

"To wace ce? Mama ko sani ba ta yi ba."

Ya juya ya fita baranda. Na tsaya da faranti a hannu, kunnena na shuu. Ni na san ba ni ba ce. Idona ya sauka kan kujerar nan ta dama, sai abubuwa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Tun makonni kafin zuwan Corvin gidanmu, in za a yi addu'a, Mama ba ta kama tafin Yaya. Wuyan hannunsa take riƙewa. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba. Kuma ranar Asabar ɗin nan ce ta ce in gayyato shi.

Na shiga kicin na tura ƙofa. Tana yanka burodin masara, ko juyowa ba ta yi ba.

"Mama, me ya sa kika ba Corvin kujerarki?"

Wuƙar ta tsaya.

"Kin san zai matse hannun. Kin san Yaya zai ce shi ne. Kin riga kin buga wayar kafin ki ce in kira shi."

Ta ajiye wuƙar a hankali, ta goge hannu a jikin atamfar girkinta, ta juyo. Babu kunya a fuskarta ko ɗis.

"Uwa nake. Kullum hannun nan yana cikin nawa, kina zaton sai an faɗa mini? Shekara goma sha ɗaya ina saka wa ubanku maɓalli. Ko ku bai iya ɗauka ba sai na ɗora masa ku a cinya. In zauna in ga ɗana ya bi sahunsa saboda ƙwallo? Na kira, kuma gobe ma zan kira."

"Sai ki ɗora wa bawan Allah?"

"Me ya rasa? Ya samu aikinsa."

"Ni ya rasa, Mama! Ni ma na rasa shi! Yanzu kuma ni Yaya ke zargi."

A nan ne muryarta ta karye. Ta kamo hannuwana biyu. "Dessa, ki riƙe mini wannan. Ke ƙanwarsa ce, zai yi fushi ya huce, kuna da shekaru a gaba. Ni in ya juya mini baya, ba ni da sauran lokacin jira. Ki riƙe mini, 'yata."

Jama'a, na tausaya mata, har ga Allah na tausaya mata. Amma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Matar nan ta kalli idona ta ce na jawo maciji, ta ga ina kuka a kan yaron da bai yi komai ba, ta miƙo mini tawul in share.

Muka zauna mu uku. Mama ta koma kujerarta, ta ɗora hannu a kan filastar Yaya, ta miƙo mini ɗayan. Yaya ya ƙi ba ni nasa na hagu, ya ajiye shi a kan tebur kawai, ni na ɗora nawa a kai. Mama ta buɗe baki za ta fara, sai ya katse ta.

"Bari Dessa ta yi mana yau. Ai ita ce gwanar kai magana sama."

Mama ta matse mini hannu tun ba a zo amin ba. Na rufe ido. Na tuna Corvin da farar rigarsa da kek ɗin kakarsa, yana murna an ba shi kujerar girma.

Na ce, "Ya Ubangiji, mun gode maka da wannan abinci. Mun gode da ka ceci yatsan Yaya. Ka yafe mini zargin da na yi wa wanda bai ci ba bai sha ba." Farcen Mama ya shige tafina, ban tsaya ba. "Ka sa albarka a hannun da ya dafa mana abincin nan, don shi ne hannun da ya ɗaga waya ranar Asabar. Ka san don ƙauna ta yi. Ka ba ta ƙarfin faɗa da bakinta."

Babu wanda ya ce amin.

Na buɗe ido. Yaya ya zare filastarsa daga ƙarƙashin hannun Mama a hankali, ya ɗora a cinyarsa. Hannunsa na hagu ya juyo a ƙarƙashin nawa, ya kama yatsuna ya matse har sai da na ji zafi.

Hannun Mama ya rage a buɗe a kan tebur. Kuma ba Yaya take kallo ba, ni take kallo.